Tarihin Wata Iska a Cikin Jijiya

Bahaushe yana da kalma guda, jijiya, wadda yake kiran abubuwa uku da ita. Da hanyar da jini yake bi, da igiyar da ta ɗaure tsoka a jikin ƙashi, da kuma farin zaren nan mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, duk jijiya ce a bakinsa. Girkawan dauri ma da kalma ɗaya suke kiran igiyar tsoka da zaren saƙo, har sai da Herophilus, wani likita da ya zauna a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya feɗe gawa ya rarrabe su. A wannan maƙala, duk inda aka ce jijiya kurum, to ta ukun ake nufi, wato mai kai saƙon motsi da ji. Sai dai mai karatu zai lura cewa labarin iskar da za a yi magana a kanta daga jijiyar jini ya faro, daga baya ya gangaro kan jijiyar saƙo.

Jijiyar da aka yanke

Duk wanda ya taɓa ganin saurayin da ya faɗo daga kan babur hannunsa ya saki, ko yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba ƙafarsa ta riƙa ja, ya san tambayar da dangi suke yi wa likita: shin za ta dawo? An daɗe ana wannan tambaya kafin a sami abin da za a dafa wajen amsa ta. A shekarar 1850 ne wani likita ɗan Ingila, Augustus Waller, ya yanke jijiyoyin da ke shiga harshen kwaɗo, ya riƙa duba su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya ga cewa ɓangaren da yankan ya raba da tushensa yakan farfashe ya marmashe cikin 'yan kwanaki, amma ɓangaren da ke haɗe da tushen yana nan da ransa. Daga nan aka fahimci cewa zaren jijiya reshe ne na wata ƙwayar halitta da ke zaune can a laka ko kusa da ita, kuma daga can ake ciyar da shi. Har yau da sunan Waller likitoci suke kiran wannan lalacewa.

Yaƙe-yaƙe ne suka koyar da mafi yawan abin da ya biyo baya. A yaƙin basasar Amurka, Silas Weir Mitchell da abokan aikinsa sun tara sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya a wani asibiti a Philadelphia, suka buga littafi a 1864 inda suka bayyana wani irin raɗaɗi mai kama da ƙuna da ke addabar hannu ko ƙafa bayan rauni ya warke. A Sifen, Santiago Ramón y Cajal ya zana yadda zaren da ya tsira yake fitar da sabon tsiro mai ɗan kai kamar na ƙulki, yana lalube har ya sami hanyar da tsohon ya bari. Shi kuwa Henry Head, likita a Landan, ya gaji da tambayar marasa lafiya abin da suke ji, sai a watan Afrilu na 1903 ya miƙa hannunsa na hagu aka yanke masa jijiyoyin fata, aka sake ɗinke su. Fiye da shekara 4 abokinsa W. H. R. Rivers yana gwada masa fatar a Cambridge da allura da auduga da ruwan zafi da na sanyi. Jin zafin tsira shi ya fara dawowa, jin taɓawa mai laushi kuwa sai da aka haura shekara.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, Herbert Seddon na Oxford ya kasa raunin jijiya gida 3, kuma aka daidaita a kan ƙiyasin da ake aiki da shi har yanzu: jijiya tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci 1 a wata. Mai karatu ya auna daga kafaɗarsa zuwa kan yatsunsa. Zai sami kusan santimita 70, tafiyar kusan shekara 2 ke nan, alhali kuwa tsokar da ta yi shekara 1 zuwa 1 da rabi ba ta ji daga jijiyarta ba takan kankance ta taurare. A nan gizo yake saƙa, domin sau da yawa jijiya takan iso ta tarar ba sauran tsokar da za ta motsa.

An kuma gano cewa marmashewar da Waller ya gani share fage ce. Zaren jijiya yana sanye da wata rigar kitse da ƙwayoyin Schwann suke naɗa masa. In aka yanke shi, waɗannan ƙwayoyi da wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye datti, waɗanda ake kira makarofaj, su ne suke kwashe tarkacen rigar, sa'an nan ƙwayoyin Schwann su jeru kamar kwararo don sabon tsiro ya bi. A 1981 Albert Aguayo da Samuel David a Montreal suka nuna cewa ko zaren laka, wanda aka ɗauka ba ya sake tsirowa, zai yi tafiya mai nisa in aka dasa masa guntun jijiyar gaɓa ya bi ta ciki. Saboda haka hankalin masana ya koma kan muhallin da ke kewaye da rauni, suna neman sinadaran da ke kira da masu kora. Manyan sinadaran furotin suke nema, irin wanda Rita Levi-Montalcini ta gano mai sa jijiya girma. Ba wanda ya kawo iska a ransa.

Daga ma'aikatar nakiya zuwa jijiyar zomo

Naitirik oksaid iska ce da ba ta da launi, ƙwayar zarra ɗaya ta naitirojin haɗe da ɗaya ta oksijin. (Kada a rikita ta da 'yar'uwarta mai sa dariya wadda ake shaƙa wa masu cire haƙori, wannan daban ce.) Joseph Priestley ne ya bayyana ta a 1772, ya kuma lura cewa da zarar ta haɗu da iskar sarari sai ta rikiɗe ta zama jan hayaƙi. Humphry Davy, wanda ya ɗauki al'adar shaƙar duk iskar da ya haɗa, ya gwada ta a ƙarshen ƙarni na 18, ta ƙona masa harshe da ganɗa. Tun daga nan har kusan shekara 180 sunanta guba. Walƙiya tana haifar da ita, haka injin mota da hayaƙin taba, kuma masu binciken gurɓacewar iska ne kaɗai suka damu da ita.

Amma ta daɗe da shiga ɗakin magani ba tare da an gane ta ba. A 1847 Ascanio Sobrero ya haɗa wani mai mai fashewa a Turin, naitirogilisarin, ya ɗanɗana ɗigo a harshensa, ciwon kai mai tsanani ya kama shi. Da wannan mai ne Alfred Nobel ya ƙera nakiya a 1867 ya yi dukiya. Ma'aikatan masana'antun nakiya sun san shi da sa ciwon kai ran Litinin, bayan hutun mako ya sa jiki ya manta da shi. A 1879 William Murrell na Landan ya nuna cewa ɗan ƙanƙani daga cikinsa yana kwantar da ciwon ƙirjin masu ciwon zuciya, domin yana buɗe jijiyoyin jini. Shi kansa Nobel, 'yan makonni kafin rasuwarsa a 1896, likitoci sun rubuta masa shi, har ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa yana mamakin yadda ƙaddara ta juyo da shi kan abin da ya ƙera. Kusan shekara 100 ana ba da maganin ba a san yadda yake aiki ba, sai a 1977 Ferid Murad a Jami'ar Virginia ya nuna cewa a cikin jiki yana sakin naitirik oksaid, ita kuma ta tayar da wani inzayim da ke sa tsokar jijiyar jini ta saki.

Wannan ya bayyana magani, amma ba wanda ya yi zaton jiki da kansa yana ƙera iskar. Robert Furchgott a Brooklyn ya yi shekaru yana aiki da babbar jijiyar jinin zomo, kuma wani abu yana damunsa: sinadarin asitilkolin yana buɗe jijiyar jini a cikin dabba mai rai, amma a kan teburin gwaji sai ya tsuke ta. A 1978 wani ma'aikacinsa ya yi kuskure wajen bin tsarin gwaji, sai ga jijiyar ta saki. Da aka bi diddigi aka gano cewa tsohuwar hanyar yanka jijiyar tana goge wata siririyar shimfiɗa da ke cikinta, mai kaurin ƙwaya ɗaya tal, kuma wannan shimfiɗa ce take sakin wani abu da ke sassauta tsoka. Furchgott da John Zawadzki suka buga sakamakon a 1980. Abin yana ɓacewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka shekara 6 aka yi ana farautarsa. A wani taro a Rochester ta jihar Minnesota a 1986, Furchgott da Louis Ignarro, kowa ta hanyarsa, suka ce naitirik oksaid ce. A 1987 Ignarro a Los Angeles, da kuma Salvador Moncada, ɗan ƙasar Honduras da ke aiki a Ingila tare da Richard Palmer, suka kawo hujja. Shekara guda bayan haka rukunin Moncada ya nuna cewa daga sinadarin arjinin jiki yake ƙera ta.

A 1988 ne labarin ya tsallaka zuwa ɗaya jijiyar. John Garthwaite a Liverpool ya nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera suna sakin wannan iska in sinadarin gulutamet ya taɓa su. A 1990 David Bredt da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins suka tsamo inzayim ɗin da ke ƙera ta daga ƙwaƙwalwa. Ba da jimawa ba aka tabbatar inzayim ɗin iri 3 ne. Akwai na jijiya, akwai na shimfiɗar jijiyar jini, waɗannan biyu kaɗan-kaɗan suke fesa iskar, na ɗan lokaci. Na ukun kuwa ba ya nan sai kumburi ko ƙwayar cuta ta tashe shi, galibi a cikin makarofaj, in kuma ya tashi yakan yi sa'o'i ko kwanaki yana tuttuɗo ta da yawa don kashe ƙwayoyin cuta. Masana ƙwaƙwalwa sun sha mamaki, domin duk wani ɗan aike da suka sani a jijiya ana tara shi ne a ajiye, a sake shi a ƙofar wanda aka aika masa. Wannan kuwa ba a ajiye ta, ba ta neman ƙofa, ratsa bango take yi ta shiga duk ƙwayar da ke kusa. Mujallar Science ta naɗa ta sinadarin shekarar 1992. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel, daga dukiyar nakiya. Dokar kyautar ba ta yarda a wuce mutum 3 ba, aka bar Moncada, kuma masana da yawa sun fito fili sun ce ba a kyauta ba. Ni ma ina ganin haka.

Mai laifi ce ko mai ceto?

Zargi ne ya fara zuwa. A 1990 Joseph Beckman a Alabama ya nuna cewa in iskar ta gamu da wani gurɓataccen nau'in oksijin da ke yawaita a wurin rauni, sai su haɗu su zama faroksinaitirait, guba mai lalata furotin da kitse. A 1991 Valina Dawson da Ted Dawson, a ɗakin binciken Snyder, suka nuna cewa in aka hana ƙera iskar, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da gulutamet ya yi wa yawa ba sa mutuwa kamar da. A 1994 aka gano tana toshe numfashin maitokondiriya, wato murhun da ƙwayar halitta take samun ƙarfi daga gare shi. Ganin haka mutane da yawa suka ɗauka an kama ɓarawo, saura a ɗaure shi.

Gwajin ɓeraye a Boston ya dagula lissafin. A 1994 Paul Huang da Michael Moskowitz da abokan aikinsu suka toshe jijiyar jinin ƙwaƙwalwa a ɓerayen da aka cire wa inzayim na jijiya, ɓarnar ta zo da sauƙi. A 1996 suka maimaita da ɓerayen da aka cire wa na shimfiɗar jijiyar jini, sai ɓarnar ta ƙaru, domin babu mai buɗe hanyar jini ya kai ɗauki. Iska ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma sakamakon ya danganta da wanda ya saki iskar.

A jijiyar gaɓa ma haka aka yi ta kai-kawo. A 1992 rukunin Tomas Hökfelt a Stockholm ya ga cewa in aka yanke babbar jijiyar cinyar ɓera, ƙwayoyin ji da ke kusa da laka sukan ninka ƙera inzayim ɗin. A 1993 Wutian Wu ya fizge saiwar jijiya daga lakar ɓera, irin raunin da ke samun wanda ya faɗo daga babur ta kafaɗa, ya ga ƙwayoyin motsi sun fara ƙera inzayim ɗin kafin su mutu, kuma da ya hana ƙerawar sai wasu suka tsira. A wannan shekara wasu masana a Amurka suka nuna cewa iskar tana sa kan sabon tsiro ya tsuke ya tsaya. A 1997 Douglas Zochodne a Calgary ta Kanada ya ba ɓeraye maganin da ke toshe inzayim ɗin gaba ɗaya, jijiyarsu ta fi saurin tsirowa. Duk wannan ya ƙarfafa zargi.

Sai kuma a 2001 ɗakin binciken Zochodne ɗin nan ya gwada ɓerayen da aka cire wa inzayim na uku, na kumburi, wanda shi aka fi zargi. Maimakon su fi warkewa, sai tarkacen rigar kitse ya daɗe ba a kwashe ba, sabon tsiro ya yi jinkiri, har raɗaɗin da ke bin rauni shi ma ya makara. Wato makarofaj yana bukatar iskar don share fagen da Waller ya gani. A 2002 Gerburg Keilhoff da abokan aikinta a Magdeburg ta Jamus suka sami jinkirin farfaɗowa a ɓerayen da ba su da inzayim na jijiya. A Liverpool kuma Richard Morris da Thimmasettappa Thippeswamy sun nuna cewa ƙwayoyin ji da aka yanke wa zare da iskar suke kare kansu daga mutuwa. Ya yiwu ke nan ƙwayar da aka gani tana ƙera iskar kafin ta mutu neman tsira take yi, kamar yadda ganin 'yan kwana-kwana a bakin gobara ba ya nuna su suka cinna ta.

A ganina abubuwa biyu ne suka jawo wannan ruɗani. Magungunan farko ba sa bambanta inzayim ɗin nan 3, sukan toshe su baki ɗaya, har da mai buɗe hanyar jini, don haka mai gwaji bai san wanne ya taɓa ba. Na biyu ya fi wannan nauyi. Abin da ke ɓacewa cikin daƙiƙoƙi yana da wuyar aunawa, kuma shekaru da yawa masu bincike suna zuba wa ƙwayoyi iskar a kwano gwargwadon abin da suke zaton yana cikin jiki. A 2009 Garthwaite da Catherine Hall suka sake duba hujjojin, suka ce adadin da ke cikin lafiyayyen jiki ya gaza abin da aka daɗe ana zato nesa ba kusa ba, a wasu wurare har ninki 1,000. In haka ne, to wani ɓangare na ɓarnar da aka gani a kwano aikin hannun mai gwaji ne.

Wannan bai wanke ta sarai ba. Kenneth Smith da abokan aikinsa a Landan sun nuna a 1997 cewa iskar tana iya tsayar da saƙo a zaren jijiya na ɗan lokaci, musamman wanda rigarsa ta yage, a 2001 kuma suka nuna cewa zaren da ke cikin aiki tuƙuru yakan mutu in ta yi masa yawa. Hujjar da ta fi kusa da mu ta fito ne daga kuturta. Tun 1873 Armauer Hansen ya ga ƙwayar cutar a Bergen ta Norway, kuma an daɗe da sanin cewa ba ita take cin yatsu kai tsaye ba: jijiya take kashewa, hannu ya daina jin zafi, ƙuna da ƙaya da miki su ƙarasa aikin. Yadda take kashe jijiyar ne aka yi ta muhawara. A 2017 Cressida Madigan da Lalita Ramakrishnan da abokan aikinsu suka sa ƙwayar a jikin 'ya'yan wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa, waɗanda ake hango cikinsu kamar kwalba. Suka ga makarofaj ɗauke da ƙwayar yana bin zaren jijiya, wani kitse da ke jikin ƙwayar yana sa shi tuttuɗo naitirik oksaid, murhun zaren ya lalace, rigarsa ta saɓule. Gwajin kifi ne, amma ya yi daidai da tabon gubar da aka riga aka gani a jijiyoyin kutare. Maganin haɗaka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981 yana kashe ƙwayar, sai dai ba ya mayar da jijiyar da ta riga ta mutu, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da har yanzu ake samun sababbin masu cutar kowace shekara.

A gaban gadon majiyyaci

Da aka fita daga ɓera aka koma kan mutum, abin bai yi armashi ba. A Nottingham, Philip Bath ya jagoranci gwajin manna naitirogilisarin a fatar masu shanyewar ɓarin jiki, mutum 4,011, aka buga sakamakon a 2015: hawan jini ya sauka, amma warkewa ba ta ƙaru ba. Aka ce ko an makara ne, sai aka gwada manna shi tun a cikin motar asibiti ga mutum 1,149, sakamakon 2019 bai sauya zane ba. Ta ɗaya ɓangaren, Michael Tymianski a Toronto ya ƙera wani magani, nerinetide, mai raba inzayim na jijiya da ƙofar gulutamet don a rage iskar a daidai inda take ɓarna. Ya yi aiki a ɓera da biri, amma babban gwajin 2020 a kan mutum 1,105 bai nuna amfani ga jimillar majiyyata ba. Inda iskar ta yi nasara a fili shi ne huhun jarirai, domin tun 1999 Amurka ta amince a riƙa shaƙa ta ga jaririn da jijiyoyin jinin huhunsa suka ƙi buɗewa, ita ɗin nan da ta ƙona bakin Davy, amma a tsarme ƙwarai.

Jijiyar gaɓa da aka yanke kuwa, har yanzu babu wani maganin naitirik oksaid da aka amince da shi don hanzarta tsirowarta. Likitan tiyata yakan ɗinke bakunan biyu da zare mafi siranta daga gashi a ƙarƙashin madubi, ko ya dasa guntun jijiya daga sha-raɓa in akwai giɓi, ko kuma, kamar yadda Christophe Oberlin ya bayyana a Faransa a 1994, ya aro reshe daga lafiyayyar jijiya da ke kusa da tsokar don a rage nisan tafiya. Daga nan sai jira. Duk bayan 'yan makonni majiyyaci zai dawo, likita ya riƙa ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa daga ƙasa zuwa sama, har ya kai inda majiyyacin zai ji wani abu kamar lantarki ya tsarga masa. Nan ne kan tsiron ya iso. Jules Tinel na Faransa da Paul Hoffmann na Jamus ne suka bayyana wannan alama a 1915, kowa yana duba sojojin ɓangarensa, ba wanda ya san da aikin ɗan'uwansa. Likita zai auna wurin da ma'auni, ya rubuta a kati, ya sa wata ranar dawowa.